Kofur Kefas Ya Bar Sigari

"Kofur Kefas, ka ji kunya!" Da ƙarfi na faɗa, don mazan da ke kan benci a bakin titin Rikoto su ji. "Tsohon soja guda, wai barin sigari ya gagare ka sai da ƙwayar masu ciwon damuwa?"

Ko kallona bai yi ba. "Maman Joyce, likita ne ya rubuta mini. Sai da ya tabbatar ba ni da farfaɗiya, ya kuma hana ni burukutu."

Na ja tsaki. "Har burukutun? To me ya rage maka na maza? Sam wa abokinka Prosper ɗaya mu gani."

"Ba a rabawa, kowa sai an duba shi. Ni dai tun damina ko marmarin sigari ba na yi."

Na bushe da dariya, ina jiran a taya ni.

Sai Prosper ya take guntun sigarinsa da takalmi. "Kofur, wace rana likitan nan yake zama?"

Duk suka tashi suka bi Kofur.

Suka bar ni da teburina, da kwalayen sigarin da na saro jiya, da wannan shegen bakin nawa.