Rabin Kitso

Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi.

Uwata mai kitso ce a ƙauyenmu na ƙasar Roni. Da kan mace ya sauka a cinyarta, sai ta fara ba ta labarin Yesu. Wata la'asar ƙanwarta, Inna Lantana, ta zo kitso. Har yau ina jin ƙamshin man shanun da ke hannun uwata. An kai rabi ke nan ta soma wa'azinta.

Inna ta ce, "Yaya, kaina na kawo miki, ba kunnena ba."

Uwata ta yi dariya ta ce, "Ai a jikinsa suke, Lantana."

Inna ta fizge kanta, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta fice. Ba ta ƙara tako gidanmu ba, har ranar da aka binne uwata.

Yau majami'armu ta cika da jikokin matan da ta yi wa kitso. Ranar bikin godiya sai a jero sunayen mazan da suka kafa ta. Na uwata ba ya fitowa, ita da ta rasa ƙanwa sukutum.