Shi Ko Ita

Kambiz ya gama digirin Turanci a wata jami'a da ke garinsu, Hamadan, ba tare da ya taɓa karanta shafi guda har ƙarshe ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne zaɓen kujera. Ranar jarrabawa bayan abokinsa Behrang yake zama. In Behrang ya sosa kunne, amsa ta farko ce. In ya taɓa hanci, ta biyu. In tambayar dogon rubutu ce, sai ya karkata kafaɗa ya bar masa takardar a fili.

"Ɗan'uwa, ka riƙa buɗe littafi mana," in ji Behrang wata rana. "Kunnena ya kusa cirewa saboda kai."

"Iye, yau kuma wa'azi? Duk ajin nan wa ba ya yi? Ko so kake a ce ka hana abokinka amsa?"

Behrang ya ci gaba da sosa masa kunne. A ajinsu ba abin kunya kamar a ce ka yi wa aboki rowar amsa.

Da hutun Nowruz, bikin sabuwar shekararsu, ya zo, mahaifin Kambiz, Agha Nosrat, ya kwashi iyalinsa zuwa Malesiya yawon buɗe ido. Duk wanda ya tambaye shi yadda za su yi da yare, sai ya daki kafaɗar ɗansa ya ce, "Ga tafinta na haifa."

A can ne mahaifiyar, Mahin Khanum, ta zame a matakalar masauki ta karya ƙashin ƙugu. A asibiti aka ce sai an yi mata aiki nan take. Wata nas ta nuna waya, alamar za ta kira musu mai fassara. Agha Nosrat ya ɗaga mata hannu.

"Gaya mata ba ma buƙata. Yi musu Turancin nan, ɗana, su ji."

Kambiz ya so ya ce a kira. Ya dubi fuskar mahaifinsa, ya haɗiye maganar.

Likita ya zo yana tambayoyi. Mahin Khanum ta kamo hannun ɗanta tana nishi. "Kambiz ɗana, ka faɗa masa ina shan maganin hana jini daskarewa, saboda zuciyata. Kada ka manta."

To, a Farisanci, yarensu, kalma ɗaya ce ake kiran namiji da mace da ita. Babu shi, babu ita. Turanci kuwa ya bambanta su, kuma bambancin nan a shekarar farko ta jami'a ake koyar da shi. Kambiz ya harhaɗa 'yan kalmomin Turancin da ya tsinta, ya ce, "Shi yana shan maganin jini. Zuciya."

Likita ya nuna Agha Nosrat da biro. "Shi?"

"Eh, eh."

Likita ya nuna mai jinyar ya ƙara wata doguwar tambaya, ko ita ba ta shan komai ke nan. Kambiz bai kama ko kalma ɗaya ba. Ya gyaɗa kai kawai.

"Me ya ce?" in ji Agha Nosrat.

"Ya ce ba matsala, Baba."

Aka shiga da ita. Da aka yanka, jini ya ƙi tsayawa. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma Mahin Khanum ba ta farka ba.

Wannan karon asibiti da kansa ya kawo mai fassara, don a sanar da su. Agha Nosrat ya dafa bango. "Amma mun gaya masa maganar maganin! A gabana ta faɗa!"

Mai fassarar ta tambayi likita, sannan ta juyo a hankali. "Agha, ya ce ɗanka ya gaya masa kai ne kake sha. Sau biyu ya tambaya."

Tsohon ya juya ya dubi ɗansa. Bai ɗaga murya ba.

"Kambiz, me ka ce masa?"

Kambiz ya buɗe baki. Babu abin da ya fito, ba da Turanci ba, ba da Farisanci ba.

Mai karatu, satar amsa takan ba ka takardar shaida, amma ba ta zuba maka komai a ka. Ranar da za a nemi ilimin da kake da'awa, mai yiwuwa ran wani ne a hannunka, kuma wanda ya fi yarda da kai shi zai fara cutuwa.