Keke Mai Sirdi Biyu

Tarin ya fara ne bayan sun wuce gonakin albasa.

Halilu ya ji shi a jikin ƙarfen keken, domin duk lokacin da ƙanensa Mujtaba ya yi tari a sirdin gaba, sai keken ya ɗan karkace. Keke ne mai sirdi biyu, wani mai walda a Illela ya haɗa musu shi da tsofaffin kekuna. In sanyi ya shigo, kowace Asabar bayan asuba sukan hau su nufi Kalmalo don motsa jini kawai. Mujtaba ke riƙe da kan keken, Halilu na baya yana ba da ƙafa. Mujtaba mutum ne mai surutu, ba abin da za su wuce bai faɗa ba, ko jaki ne kwance a gefen hanya. Yau ya yi shiru.

Can sai keken ya tsaya. Mujtaba ya sulale ya zauna a bakin kwalta, ƙirjinsa na fito kamar an busa ƙaramin usur.

"Mi yas same ka?" in ji Halilu.

"Asma, Yaya."

Halilu ya laluba aljihun ƙanensa ya zaro abin shaƙa, ya girgiza shi, ya sa masa a baki ya danna. Iska ce kawai ta fito. Ya miƙa masa waya. Mujtaba ya duba, da ƙyar ya ce wayar ta kama layin Nijar, kira ba ya shiga.

Halilu ya kasa kunne. Babu ƙarar babur, babu muryar kowa. A irin wannan sanyi, mai hankali yana gindin wuta. Komawa Illela ya yi nisa, amma akwai ɗan asibiti a bakin ƙauyen da ke gabansu.

Ya warware rawanin da ya naɗe wuyansa da shi. Ya ɗaga Mujtaba ya ɗora shi a sirdin baya, shi kuma ya haye na gaba, ya ɗaure ƙugunsu biyu tamau.

"Ba ka iyawa," in ji Mujtaba.

"Kai dai yi ta faɗi."

Rabon Halilu da riƙe kan keke an daɗe. Ƙarfen ya yi sanyi har yana cizon tafin hannu. Ya yi bismillah ya taka feda. Keken ya yi tangaɗi ya nufi gona, ya fizgo shi.

"Hagu," Mujtaba ya raɗa a bayan kunnensa. "Ya isa. Miƙe."

Suka miƙe. Kowace kalma sai Mujtaba ya sayo ta da numfashi. Rami. Dama. Yashi. Halilu yana bi, gumi na tsattsafo masa duk da iskar da ke yanka fuska.

Sai ga rugugin babbar mota daga baya. Halilu ya kwarma ihu a taimaka, bai yarda ya saki hannu ko ɗaya ba. Motar ta danna hon ta wuce da warin albasa, iskarta ta ture su, tayar gaba ta faɗa tsakuwa ta fito.

"Kwalbati," in ji Mujtaba. "Tsakiya, Yaya. Tsaki..."

Halilu ya san kwalbatin nan. Siriri ne, ba shi da katanga, ƙasansa duwatsu. Ya ƙanƙame kan keken. Ƙarar tayoyin ta sauya, ta yi amo kamar ganga, sannan ta dawo yadda take. Sun haye.

"Sai ina?"

Goshin Mujtaba ya kwanta a gadon bayansa, nauyinsa duka ya dawo kan rawanin.

"Mujtaba!"

Fiton yana nan, amma ya yi siriri ƙwarai.

Ƙafafun Halilu suka so su tsaya. Bai bari ba. Ya matsa dama a hankali har taya ta fara cin tsakuwa, ya dawo kaɗan, ya sake matsawa, yana bin bakin kwalta kamar mai bin bango. Ɗumin rana na kan kumatunsa, ya riƙe shi a nan. Yana taka feda yana kiran sunan ƙanensa, yana kiran sunan Allah, har ya daina bambance wanda ke fitowa.

Ƙaurin kifin banda ya bugo hancinsa. Can kuma injin niƙa ya tashi. Asibitin na daura da injin. Ya karya kan keken ya nufi ƙarar da duk ƙarfinsa, yana ihu a ba da hanya. Kaji suka watse. Keken ya kutsa cikin dangar kara, suka zube tare.

Hannuwa suka yi musu caa. Aka kwance rawanin, aka sure Mujtaba aka yi ciki da shi. Halilu ya zauna a inda ya faɗi, gwiwarsa na jini, yana sauraro. An jima sai ya ji tari daga cikin ɗakin, tari mai ƙarfi, na mai numfashi. Ya kifa kansa a kan gwiwa.

Malam Yari, tsohon mai gadin asibitin, wanda ya saba gaisawa da su duk Asabar, ya tsuguna kusa da shi.

"Alhamdu lillahi, ya farfaɗo. To amma shi a wannan hali, wa yat tuƙo ku?"

"Ni."

Tsohon ya dubi keken, ya dubi doguwar hanyar da suka fito, sannan ya dubi idanun Halilu, waɗanda rabonsu da ganin hasken duniya tun yana saurayi.