Tukunyar da Ba Ta Tsatsa

Maƙerar tsohon ita ce ta tara a takarda, kuma Duba-gari ta bar ta a ƙarshe duk da ta fi sauran kusa da titi. Kwana uku ke nan tana zagayen layin masu zuba tukwane, jaka a kafaɗa, takalmi ya cinye mata dunduniya. Ta tsallake kwatar bakin ƙofa ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin kwanon rufin da ya lanƙwaso.

Abin da ya fito da ita ba ƙarami ba ne. Akwai yarinya 'yar shekara uku kwance a asibiti, ciki na murɗa mata, ta daina cin abinci, 'yan kalmomin da ta iya ma sun fara ɓace mata. Da aka auna jininta sai aka ga dalma, ƙarfen nan mai nauyi na cikin batirin mota. An gwada ruwan gidan, an gwada fentin bango, ba a ga komai ba. Tukunyar da ake dafa mata abinci ce ta nuna. Umarnin ofis kuwa ba shi da kwana-kwana: duk maƙerar da aka samu dalma a kayanta, a garƙame ta.

Ta tarar da tsohon a tsugune yana danne yashi a akwatin zubi, wuta na huci a bayansa.

"Duba-gari da kanta!" in ji shi. "Yau mu za a duba ke nan?"

"Sannu da aiki, Baba. Yau kai ne."

"Kin ci abinci kuwa? Dubi yadda idonki ya faɗa."

Ta sauke jakar daga kafaɗa. Ta jawo benci ta zauna, ta zaro na'urar gwaji daga jaka, wata aba mai kama da na'urar busar da gashi.

Tsohon nan ba a shiga wurinsa a fita ba a sha darasi ba, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Ya ɗauko maganaɗisun da ya ciro daga wata tsohuwar lasifika, ya shiga bi da shi kan tarin tarkace. Wanda ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai tsatsa, sai a jefa wa masu walda. Jan ƙarfe na masu wayar lantarki ne, in ya daɗe a ajiye kore yake yi. Shi dai nasa alminiyam: ba nauyi, ba tsatsa, nan da nan ya ɗauki zafi, mace ba ta ƙona gawayi a banza. Shekara arba'in yana narka gwangwani da fistin mota da tsohuwar lagireto, kuma dokarsa ɗaya ce: duk abin da yake fari, maganaɗisu bai kama shi ba, to ya shiga wuta.

A nan ne matsalar take, kuma ta gaji da maimaita ta a maƙera takwas. Maganaɗisu ba ya kama dalma ita ma. Tana laɓe a wurin da aka liƙe lagireto da cikin kayan inji, ta narke tun kafin sauran su yi laushi, ta bi jikin tukunya. Ba wari gare ta ba, ba ɗanɗano. Sai an dafa abu mai tsami irin tumatir ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin shanye ta.

Ta ɗora na'urar a kan tukunyar farko. Duk addu'arta a ce zubi ɗaya ne ya ɓaci, tun shekarun baya, na yanzu lafiya lau. Lambobi suka fito. Ta ɗauki ta biyu, ta ɗauki ta uku, ta tashi da kanta ta ciro wata daga can ƙasan tari. A ta goma ta ajiye na'urar a cinya. Ba ɗaya da ta tsira.

Ta yi masa bayani da muryar ofis, idonta a kan takarda. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba.

"Ban taɓa cutar kowa ba," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba."

"Yarinyar za ta tashi?"

"Likitoci na iya ƙoƙarinsu. Abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa dai, sai yadda Allah Ya yi."

Ta zata zai yi gardama kamar sauran, da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Sai ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ɗebo yashi ya kashe wutar da kansa. Ya rataye awartakinsa a ƙusa, ya ciro kwaɗon ƙofa ya miƙa mata, kamar mai ba da aron tsintsiya. Tausayinsa ya cika ta.

"Rufe, aikinki ne," in ji shi. "Abu ɗaya nake roƙo. Ki nemo mini iyayen yarinyar nan, in je in durƙusa musu."

Ta karɓi kwaɗon, ta ɗago ta dubi tsohon.

"Ba sai an nemo kowa ba, Baba. Ƙarya na yi maka da na ce amaryar taka ta je hutu gidan gwaggonta. Jikarka ce a gadon, 'yar da na haifa, kuma a tukunyar da ka zuba mini da hannunka nake dafa mata."