Fankar da Tsoho Ya Zaɓa

Fanka uku mai shagon kayan mota ya jera a kan kanta. Tsoho ya ɗora yatsa a kan ƙaramar cikinsu.

"Wannan."

Mai shago ya yi dariya, da ya ga ba a taya shi ba sai ya haɗiye abarsa. Ya ɗago babbar, mai kaurin jiki, wadda ake ɗaurawa a bayan lagireto ta riƙa jawo iska. Ita ce ta motar tsere. Ƙaramar kuwa siririya ce, irin wadda ake sa wa motar kai yara makaranta. Ya yi bayani dalla-dalla: in mota na gudu, iskar hanya na taimakon inji, amma a layin jira, inji na ruri rana na dukan ƙarfe, fanka ce kaɗai ke hana ruwa tafasa.

"Baba, ba wai zan koya maka aikinka ba, amma..."

"To kar ka fara yau. Naɗe min ita."

A bakin ƙofa ɗan Tsoho ke tsaye, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Guguwa, direban da zai ja motar a tseren ranar Asabar. Mai shago ya yi masa ido, ko zai sa baki. Guguwa ya sunkuyar da kai, ya cusa hannayensa cikin aljihu. Mai shago ya ce a ransa, ladabi dai ya cuci yaron nan.

Tseren ba ƙarami ba ne. Shi ne na farko tun da motar Dogo, aminin Guguwa, ta wuntsila a kwanar ƙarshe bara, aka fito da shi ba ƙafafun tafiya. Kowa ya sa ido ya ga Guguwa ya ɗauki kofi ya kai wa abokinsa. Mai motar da Guguwa zai ja, wani ɗan kasuwa da bakinsa ya fi injinsa ƙara, ya riga ya cika gari da cewa direbansa bai san yadda ake rubuta tsoro ba.

Labarin fanka ya riga Tsoho isa gareji. Makanikan layin, waɗanda rabinsu a hannunsa suka koyi riƙe sifana, suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaisuwa. Tsoho ya amsa gaisuwar kowa, ya ci gaba da ɗaure noti.

Da la'asar mai motar ya iso, ko kashe motarsa bai yi ba.

"Me nake ji? Fankar wasan yara za ka sa min?"

"A garejina ni ke zaɓar fanka."

"In ta ba ni kunya, zan kwashe motocina kaf, kuma sai kowa ya ji dalili."

"Ƙofa a buɗe take, ranka ya daɗe."

Mai motar ya juya ga Guguwa, ya ce ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya mana. Guguwa ya ce abin da Baba ya gani shi ne daidai. Kofin shayin da ke hannunsa ya ɗan zube a wandonsa, ya ajiye bai sha ba.

A gida ma Tsoho bai tsira ba. Matarsa ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Ta ce yaron nan ya rame a kan tseren nan, abinci ba ya shiga, matarsa ga ciki ya tsufa, in ba za a taimake shi ba kar a ɓata masa. Tsoho ya ce ya ji. Taurin kan mutumin nan, ko ni mai ba da labari ya ba ni haushi.

Asabar ta zo da rana mai zafin gaske. Motoci suka jeru, injuna na ruri, alƙalan tsere na ta kai da komo kamar yadda suka saba, ba sa taɓa tashi a kan lokaci. Tsoho na tsaye bayan shinge, hannu a ƙirji. Ƙaramar fanka ta yi iya yinta, baiwar Allah. Allurar zafi ta hau, ta ƙara hawa. Ana shirin ɗaga tuta sai tururi ya turnuƙe gaban motar, ruwa ya tsiyaye a ƙasa.

Sauran motoci suka tashi suka bar ta a wurin.

Ihu ya koma kan Tsoho. Wani ya ce tsufa ya ci kansa. Wani ya ce a ba shi keke ya riƙa gyarawa. Mai motar ya zage shi tas a gaban yaran da ya koya wa aiki. Su kuwa 'yan kallo suka rungume Guguwa suna ba shi haƙuri, wai da an bar shi ya taka mota yau da an ga aiki. Tsoho bai sunkuya ba, bai ba kowa haƙuri ba. Ya ce fankarsa ce, kuma gobe ma ita zai saya.

Sai da suka rage su biyu a cikin motar janwe, sun bar filin a baya, Guguwa ya fito da hannayensa ya ɗora a gwiwa. Rawar tsoro da suka yi wata da watanni suna yi tun haɗarin Dogo ta tsaya.

"Baba, sun ɓata maka suna."

"Nawa ya tsufa, zai ɗauka. Naka ne ba zan bari a kira da matsoraci ba." Tsoho ya sauya giya, idonsa a kan hanya. "Kuma ka iya zaɓe, da ka nuna min ƙaramar da ido a shago. Da ka nuna min ta tsakiyar, wallahi da motar ta tashi, da sai ka shiga kwanar nan ta Dogo."