Hoton Mai Bene Daga Ƙasa

Mai Bene ya ɗaga haɓa, ya turo ciki gaba, ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. A ƙasa, daidai takalmansa, mai hoto ce kwance rub-da-ciki a kan siminti, kanta cikin baƙin ƙyalle.

Abin ya yi masa daɗi har cikin rai. Allah ya ba shi bene mai hawa huɗu cike da shaguna, amma ya hana shi tsawo. Duk hoton taron da aka taɓa ɗauka da shi, sai an bi da yatsa kafin a gano shi tsakanin kafaɗun mutane.

Ga kuma 'yan haya sun fara raina shi. Sun kai ƙara hukumar gine-gine, wai benen zai rufto musu. Hukumar ta ce ba ta rufe gini sai da shaida, ta sa ranar zama, ta aiko takarda har sau uku cewa injiniyanta zai zo dubawa. Sau ukun Mai Bene yana naɗe takardar yana kashe ƙuda da ita. Ya kuma ja kunnen maigadi: duk ƙaton da ya zo da hular kwano da tef ɗin awo, kada ya wuce ƙofa. Ya san sarai ranar da aka rufe benen nan, ko gaisuwa ba zai ƙara samu ba.

Shi ya sa yake son ƙaton hoto a bakin ƙofa, wanda duk ɗan hayar da zai shiga sai ya ɗaga kai ya dube shi.

Yana cikin wannan tunani ne da safiyar nan matar ta zo da kanta, ba wanda ya kira ta, dattijuwa mai sanyin murya. Ta ce manyan mutane kawai take ɗauka, da irin kyamarar zamanin da, akwatin katako mai ciki kamar zugazugin maƙeri, wadda ake zura wa fim falle-falle, kowanne ya kai faɗin littafi.

"Wannan ba ta barin komai, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ko gashin gira sai ka ƙirga. In kuma na ajiye ta a ƙasa tana kallon sama, ko gajere..."

"Waye gajere?"

"Wani ne da na ɗauka jiya."

Ta zagaya benen, ta ce babu inda ya dace da girmansa sai ofishinsa na ƙasa, gefen babban ginshiƙin da ke ɗauke da ginin. Ko matarsa ba ta shiga ɗakin nan, amma ya buɗe mata. Ta dubi dogon labulen da ya rataya bara tun daga rufi, wai don ado, ta ce launinsa ɗaya da rigarsa, zai haɗiye shi. Ya ce gara a bar shi. Ta ce ai abin da ke bayan mutum dushewa yake yi, shi kaɗai zai fito. Da kansa ya hau kujera ya sauke labulen.

Ta baje ƙafafun kyamarar uku har suka kusa kwantawa, ta murɗa wani ɗan ƙarfe, idon kyamarar ya yi sama. Ta ƙara murɗawa, ya ƙara yin sama. Mai Bene ya ce sai ya leƙa. Ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kai cikin ƙyallen, ya ga ɗakin a kife a jikin gilashi, rufi a ƙasa, komai dishi-dishi.

"Ai ba ni a ciki!"

"Ai kana nan tare da ni, ranka ya daɗe."

"Haka ne," ya ce. "Madalla. Aiki yana kyau."

Ya koma wurinsa. Ta tambaye shi tsayinsa, ya faɗa da ƙari. Ta ce ya taimaka ya faɗi gaskiya, don da shi za ta daidaita awo. Ya waiga ƙofa, sannan ya faɗa cikin raɗa. Ta rubuta.

"Yanzu ɗaga hannu ka nuna sama, irin na shugabanni. Ƙara hagu kaɗan. Yawwa, nan."

Ya ƙame, zuciya fara ƙal. Wani a hawa na biyu ya ja buhu, garin siminti ya zubo masa a hula, ya saki atishawa daidai lokacin da ta danna. Ya ce a sake, don ya motsa. Ta ce babu komai, abin da take so ya fito. Fallaye huɗu ta ɗauka, ta karkaɗe zaninta, ta ce zai ga hotonsa ranar Litinin.

Ranar Litinin ce ranar zaman hukuma. Ya shiga zauren da sabuwar riga da lauya a gefe, yana yi wa 'yan haya kallon hadarin kaji. Sai ya lura babu mai kallonsa, kowa bango yake kallo.

Hoto ne ya kai girman ƙyauren ƙofa. Kan ginshiƙi a tsage, tsagar ta ratsa rufi, rodi a waje tsatsa ta cinye, ɗaya bayan ɗaya sai ka ƙirga. Can ƙasa a kusurwa, rabin hula a dushe da hannun riga, da yatsa guda yana nuna tsagar daidai bakinta.

Shugaban zaman ya gyara tabarau ya ce, "Injiniya, bismillah, a yi mana bayani."

Dattijuwar ta miƙe daga kujerar hukuma, ta fara da gode wa mai ginin bisa haɗin kan da ya ba ta.