Direban Tumatir da Tsoho Mai Faci

Zauna, Malam Sallau, ka daina huci. Don an ce ka gyara, ai ba zaginka aka yi ba. Bari in ba ka misalin wani direba, ka auna da kanka.

Mutumin nan wata tsohuwar akori-kura gare shi, da ita yake ciyar da iyalinsa. Aikinsa da rani shi ne kwaso tumatir daga fadama ya kai kasuwa kafin manyan motocin Kudu su gama lodi da hantsi. To, wurin da masu lambu ke tara kwanduna a gindin tudu yake, babu filin da mota za ta ɗauko gudu. Daga tsaye za ta tashi ta kama hawa, ga ƙasar kullum a jiƙe saboda ban-ruwa. Da ya saki kuloci sai ƙafafun baya su hau juyawa wuri ɗaya, suna tsalle suna watsa wa jama'a taɓo, motar ta karkace dama kamar jakin da mangalarsa ta rinjaya. Shi a ganinsa inji ne ba ƙarfi. Ya sa aka sauke inji aka canza ringi, aka wanke kafireto, har salansa, wato bututun hayaƙi, ya sa aka yanke don ta riƙa ruri. Tayoyin kuma ya dinga ɗura musu iska har suka yi tauri gagau, wai ai haka ake yi wa motar kaya. Ruri ya ƙaru, hawa dai shiru.

A bakin titi akwai wani tsoho mai faci, wurinsa direban yake shan iska. Rannan tsohon ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Ɗana, ƙarfi kam tana da shi, ƙasa ce ba ta kamawa. Duba ƙafafunta." Ya nuna masa tayoyin baya sun suɗe sumul, shokozoba masu hana mota tsalle duk biyu sun zubar da mai, sifirin na dama ya karye, shi ya sa nauyi ke kwantawa gefe guda, ƙafar hagu ta rasa abin da zai danne ta. Gogan naka ya yi tsaki a ransa, wai tsoho na neman ya kai shi wurin masu taya ne ya ci la'ada. Abin haushin, bawan Allah nan ko taya ɗaya ba ya sayarwa, daga faci sai iska. Kwana biyu a jere sai da aka sauke rabin kaya aka haura da su a ka, kafin a isa kasuwa motocin Kudu sun tashi, tumatir ya kwana ya yi ruwa, aka kaɗar da shi a wulaƙance. Sarkin lambu ya kira direban ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: jibi idan motar ta sake tsayawa, za su nemi wani. Nan fa hankalinsa ya tashi, don in fadama ta kuɓuce masa, tukunyar gidansa ce ta sauka.

Da kunya da komai ya koma wurin tsohon. Tsoho bai yi masa gori ba, ya dai ce ya je duk inda ransa ya kwanta ya sayo kayan. Direban ya sayar da tunkiyar da yake kiwo, aka ɗaura sabon sifirin, aka sa shokozoba biyu, aka kawo tayoyi masu zurfin zane. Tsohon ya sa musu iska daidai kima, ya ce a jera manyan kwanduna a kan ƙafafun baya, shi kuma direban ya daina danne totur kamar mai faɗa da mota. Ranar da sarkin lambu ya yanke, masu lambu suka yi lodi suka ja baya don gudun taɓo, wasu har sun naɗe gammo suna jiran a fara sauke kaya. Direban ya yi bismilla, gumi na bin wuyansa, ya saki kuloci a hankali. Motar ta ɗan zauna ta baya, tayoyi suka ciji ƙasa, ta kama hawa salin-alin, ko kwando ɗaya bai motsa ba. Da ya kai saman tudu sai da ya tsaya ya kifa kansa a kan sitiyari, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Wallahi daɗin da ya ji ko ranar da ya sayi motar bai ji irinsa ba. Ya isa kasuwa motocin Kudu ba su ko cika rabi ba.

A hanyar dawowa ya biya wurin tsohon da kuɗi a dunƙule. Tsoho ya zare na iska kawai, ya mayar masa da sauran, ya ci gaba da facinsa.

Ka ji, Malam Sallau. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.